Taƙin Hamdiyya

Bagudo, ranar Talata.

Zuwa ga autata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Muhsin da duk mutanen gidanku na Lolo. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ruwa? Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwar Innarki da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Takardarki ta iso ta hannun direban motar Lolo. Kin kyauta da kika rubuto, don ni a wayar nan ba abin da nake tsinta sai ƙugi, kunnen ya soma yi mini rowa.

Na yi murna da jin an ba ki aikin kai allurar rigakafi tungayen masunta, har can bakin iyakar Benin. Na kuma ji cewa surukinki Malam Bunyaminu ya sassaƙa miki ƙaramin kwalekwale, Muhsin na kai ki, don kada ki riƙa zaman jiran jirgin kasuwa. Allah Ya saka masa. Sai dai akwai wurin da na karanta na sake karantawa, inda kika ce Baba zai haɗa miki akwatin filawud a cikin jirgin, wanda kular allurai, wato mazubin sanyinsu, da sauran magunguna za su zauna ruwa bai taɓa su ba. Har na miƙe zan ɗauko zarto, sai Innarki ta ce in zauna, ba ni ake nufi ba. Ashe yanzu Baba biyu gare ki. Tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Ba na raina mutumin. Sassaƙar jirgi gadonsa ce, kowa a bakin Kwara ya san hannunsa. Amma wanda ya saba da gungumen maɗaci da gizago, ina ruwansa da filawud? Filawud ba itace ba ne, ɓawo-ɓawo ne aka manne da gam, kuma yana da halinsa. Ni da na tsufa ina yanka shi na san inda yake cin amana. Ga shi tsakanina da surukinki akwai kunya, ba zan iya aika masa in ce yi kaza, bar kaza ba. Saboda haka ke zan gaya wa, ki san yadda za ki saka masa a kunne kamar daga kanki ya fito.

Da farko kada a saya sai an gwada. A yanko ɗan guntu a jefa a tukunya a tafasa shi sosai. Idan ya buɗe kamar littafin da ruwan sama ya doka, na silin ne, a bar wa mai shi kayansa. Idan ya fito a haɗe, shi ne na ruwa. Sannan ki sani filawud ta baki yake mutuwa, ba ta fuska ba. Mutane sai su shafe fuskar da fenti tana walƙiya, su bar gefen da zarto ya bi a buɗe, nan ruwa yake shiga yana kumbura shi. Kowane baki a cika shi da gam da garin katako, ya bushe, a goge, a bi shi da fenti mai mai har ya ƙoshi.

Abin da ya fi damuna, kada wani ya buga ƙusa a jikin jirgin. Ko ɗaya. A ɗaura tubatu, siraran katakon nan, a kan haƙarƙarin jirgin, akwatin ya zauna a kansu, a bar kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙasa don ruwa ya wuce a samu kwarfewa.

Kin tuna sanda kike zama a kan bencina kina miƙo mini ƙusa, kina ce wa masu kawo aiki ke ce babbar kafinta? Duk Sallah sai na ɗora hannunki a bakin bencin, na buɗe shi daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na tsaga alamar taƙinki da wuƙa. Tsagar tana nan reras, ɗaya gaba da ɗaya. Masu saye sun sha tambayata ko ma'aunin wani abu ne.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaura rigar nan ta hana nutsewa a ruwa ko da mutane za su yi dariya. Ki gaishe da Muhsin. Ki gaishe da surukinki kamar yadda ya kamata.

Mahaifinki,
Na'Allah Kafinta.

Bagudo, bayan Sallah.

'Yata Hamdiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun yi Sallah lafiya, an ci nama lafiya. Yaya Muhsin, yaya gajiyar hidima? Mu ma mun yi, alhamdu lillahi. 'Yan'uwanki na Sharabi sun zo da yaransu, gida ya cika, amma ni idona na ta kaiwa ƙofa. Innarki ta ajiye miki soyayye a kwanon nan mai murfi har ta gaji ta raba wa jikoki.

Na ji uzurinki. Kin ce Baba ya yanka raguna, baƙi sun zo daga tsallaken iyaka, ba dama ki bar gidan. Na yarda. Haka aure yake, ni ma 'yar wani na ɗauko. Amma bari in gaya miki gaskiya, takardar nan taki gaba da baya Baba ce. Baba ya koya miki gane inda ruwa ke da zurfi ta launinsa. Baba ya ce kada ki zauna a gefen jirgi. Baba ya kai ki ya gabatar da ke ga masu tungaye da bakinsa, ya ce 'yarsa ce. 'Yarsa! Ina yake sanda kika yi ƙyanda, ina sanda na goya ki a keke zuwa makaranta? Kishi nake yi, Hamdiyya, ba sai Innarki ta faɗa ba, ko da yake ta faɗa, har gaban maƙwabta. Ta ce tsoho da furfura yana kishi da tsoho ɗan'uwansa, ba a kan gona ba, ba a kan sarauta ba. Na ce mata gona da sarauta ai ana samun wasu.

Kin ce surukinki ya ji shawarar tafasa guntun filawud ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tafasa. Kin ce ya sayo falle guda daga Kamba ya jingine a zaure, bai yanka ba tukuna. To me yake jira? Damina ta kankama, ruwa na hawa, kin ce da zarar wata ya kama za ku fara zagayen tungaye. Ni na san abin da yake jira. Ya tsaya gaban abin bai san ta inda zai soma ba, girma kuma ya hana shi tambaya.

Saboda haka ga abin da na yanke. Ni zan haɗa akwatin nan a rumfata, in aiko da shi a gama. Kada ki gaya masa, kada ki gaya wa Muhsin, don Muhsin ɗan ubansa ne. Kada kuma ki ari tef ɗin awonsa, zai tambaye ki na mene ne. Ki faki ido da safe kafin mutane su sauko bakin ruwa, ki shiga jirgin ki auna da taƙinki yadda na koya miki. Ina son faɗin cikinsa a tsakiya, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, ta ƙasa da ta sama, don jirgi ƙasa ya fi matsewa. Ina son tsawon wurin da za a ba akwatin. Ki auna kular ma, tsawo da faɗi da tsayi. Abin da bai cika taƙi ba ki faɗe shi da yatsu. Sauran ki bar mini, na san hannunki fiye da yadda kika san shi.

A tsakiyar jirgi zan sa a ajiye shi, a ƙasa-ƙasa, don nauyi idan ya hau sama ko ya taru a goshi, jirgi ƙarami ba ya yafewa. Murfin zan yi shi da ƙarfi ya zama wurin zamanki, ki daina zama inda aka ce miki ko inda aka hana ki.

Ki ba direba amsa a hannunsa, kada ta kwana a zaure. Innarki na gaisuwa. Ki gaishe da Muhsin.

Naki,
Baba. Na Bagudo, in akwai buƙatar bayani.

Bagudo, ranar Lahadi.

Autata,

Assalamu alaikum, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke tare da ke. Ni kam lafiyata ƙalau, rabon da in ji ƙarfi haka tun kafin azumi. Ga akwati nan bisa motar Lolo, na naɗe shi da buhu, na gaya wa direba idan ya ɗora masa buhun albasa ni da shi ne.

Awonki ya iso, na ɗora shi a kan tsagar taƙinki ta ƙarshe da ke bakin benci, na fitar da komai daga nan. Na je wurin Ikenna mai kayan gini na zaɓi falle da kaina. Da na ce zan tafasa guntu ya ce shi kayansa ba nama ba ne, amma ya yanko mini. Innarki ta yi ta mita na ɓata mata tukunya. Guntun ya fito garau.

Sai dai in gaya miki, jirgin nan naki ashe ɗan tsurut ne. Da na zana awon a jikin falle sai na ga ko rabinsa ban ci ba. Na tsaya ina kallo, na ce yanzu wannan ne kyautar da aka cika mana kunne da ita? Mutum da gungumen itace a ƙofar gidansa, ya rasa abin da zai sassaƙa wa matar ɗansa sai akushi. Ban faɗa wa kowa ba, ke ma ki bar shi a cikinki. Kular ma na ga ta yi ƙanƙanta, amma kayan asibitin zamani kullum ƙara tsukewa suke yi.

Ki duba aikin da kyau kafin kowa ya taɓa. Kafin zarto ya hau sai da na bi layin da wuƙa, shi ya sa ba ki ga baki ya tsattsage ba. Gefe biyun na karkata su, ƙasa ta fi sama matsewa, yadda cikin jirgi yake. Kowane lungu akwai tubatu a ciki, an sa gam an ɗaure da sukuru, don ƙusa a bakin filawud ba ta da riƙo. Murfin ya zarce jikin akwatin, da leɓe a kewaye, ruwan da ya fantsamo zai zube waje. Ban sa hinjin ƙarfe ba, wata biyu a kan ruwa tsatsa ta cinye shi. Robar taya na yanko na ɗaure, ita ba ruwanta. A ciki na raba gida biyu, babba na kula, ƙarami na auduga da safar hannu da 'yar dardumar sallarki. Ƙananan hujojin da ke sama ta baya ba kuskure ba ne, na shan iska ne, kada wani gwani ya toshe su.

Fentin shuɗi ne, irin na ƙofar ɗakinki ta nan. Ban rubuta sunana a jiki ba, ko da yake Ikenna ya ce in rubuta. Aikin zai faɗa da kansa.

Ina so a sauke shi a bakin ruwa da rana tsaka, sanda mutane suka taru. Ki sa Muhsin ya ɗora shi kan tubatun, zai zauna daram, ko takarda ba za ta shige ta gefensa ba. Sannan ki rubuto mini komai. Wa da wa ke wurin, me suka ce, shi kuma yaya fuskarsa ta yi. Kada ki rage mini ko kaɗan.

Innarki ta saka miki daddawa da kuka a cikin ƙaramin gidan, ki cire kafin su ba magani wari. Ki gaishe da Muhsin. Surukinki kuma ki ce ina gaishe shi, ya huta, an ɗauke masa aiki.

Mahaifinki,
Na'Allah.

Bagudo, ranar Alhamis.

Zuwa ga Hamdiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki, ina tambayar lafiyar kowa da kowa a gidan. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Takardarki ta zo tun shekaranjiya. Na so in amsa a ranar, hannuna ya ƙi.

Na ce kada ki rage mini komai, ba ki kuwa rage ba. An sauke shi da rana tsaka, masunta da masu jiran jirgi sun kewaye, an yaba fenti. Muhsin ya ɗora shi a tsakiya, ya zauna yana lilo, ta kowane gefe mutum zai zura ƙafarsa. Aka kawo kula, ta ƙi shiga. Aka juya ta, ta ƙi. Wani ya tambaya ko na ajiye goro ne. Kin ce kin rasa inda za ki sa fuskarki, ga tafiya saura kwana kaɗan, ga allurai ba wurin zama. Wannan layin shi ya fi yi mini ciwo, don ni na jawo miki.

Da farko faɗa na kama yi ni kaɗai a rumfa. Na ce kin yi gaggawa wurin awo. Na ce wataƙila an canza jirgi. Har na ce ko wani ya leƙa takardarki ya gyara lissafin, Allah Ya yafe mini. Na ɗauko awon na sake ɗorawa a bakin benci, ya fito daidai da abin da na yanka. Ina cikin haka Innarki ta kawo mini fura. Ta tsaya tana kallon abin da nake yi, sai ta ajiye kwanon, ta buɗe hannunta a kan tsagar taki ta ƙarshe. Yatsanta ya wuce tsagar da nisa. Ta ce in tuna, warwaronta ma bai shiga hannunki ba ranar bikinki, sai da aka sayo wani. Sannan ta tambaye ni yaushe na yi wannan tsagar.

Shekarar da za ki tafi makarantar kwana ce, Hamdiyya. Kina 'yar shekara goma sha biyu. Daga nan Sallah ta riƙa zuwa kina da ƙawaye da lalle a hannu, ba kya shigowa rumfa, ni kuma ban kira ki ba. Yau shekara nawa ina gaya wa yara masu koyo kada su yarda da tsohon awo, su sake aunawa ko da jiya suka auna. Ni na tashi na auna matar aure, ma'aikaciyar asibiti da tungaye ke jira, da hannun yarinyar da ke miƙo mini ƙusa. Har ina zagin jirgin mutane wai akushi ne. Jirginki ba ƙarami ba ne. Na zauna a kan bencin nan har furar ta tsinke ban sha ba.

Sai kuma abin da surukinki ya yi, wanda na karanta ina jin kamar in yaga takardar. Kin ce bai yi dariya ba. Ya ɗauki akwatin da kansa, ya yi gaba da shi zuwa wajen goshi inda jirgi ke tsukewa, yana turawa a hankali har ya kai inda ya zauna daram. Ya juyo ya ce wa mutane ai nan mahaifinta ya yi shi domin, na ƙananan kaya ne, babban na nan tafe. Ya bi bakunan da yatsa, ya ce shi bai taɓa ganin an rufe bakin katako haka ba. Ni na ce kada a sa nauyi a goshi, amma auduga da darduma ba nauyi ba ne, ya san haka, na san haka. Ya rufa mini asiri a gaban mutanensa, a bakin ruwansa. Wallahi da ya yi dariyar da ya fi mini sauƙi. Yanzu ga shi ya fi ni jirgi, ya fi ni kusa da ke, ya zo ya fi ni hali. Kishin bai tafi ba, kada ki zata ya tafi, sai dai ya rasa wurin tsayawa.

Kin ce fallen da ya sayo daga Kamba na nan a zaure ba a taɓa ba. Ya gaya wa Muhsin, Muhsin ya gaya miki, ke kuma kin gaya mini, cewa tun farko shi bai yi niyyar sa masa zarto ba, yana ta neman hanyar da zai ce in zo ba tare da ya zama ya aiki surukinsa ba. Dubi wannan abu. Tsofaffi biyu, mota ɗaya ce tsakaninmu, kunya ta sa mun bi ta bakin mutum biyu da direba.

To ki gaya wa Muhsin ya gaya masa zan shigo motar farko ranar Asabar. Zan zo da zarto da gam da fenti, da tef ɗin awo. A nemo mini kwali babba, a jikin jirgin zan yanka shi har ya bi lanƙwasar cikinsa, sannan in ɗora a kan falle. A ajiye mini kular a kusa, ita za a fara sakawa kafin a ɗaure ko sukuru ɗaya. Tubatun da za su hau haƙarƙari kuwa shi zai ɗaura, jirginsa ne, ya fi ni sanin inda zai karɓa. In Allah Ya so fenti zai bushe kafin ranar tafiyarku.

Innarki ta ce in goge tsagar nan da ke bakin benci tunda ta jawo mini abin kunya. Ban goge ba. Na duba, gaba da ta ƙarshe akwai sauran wuri. Idan kun gama zagayen tungaye kika samu zuwa gida, ko na yini ɗaya ne, kada ki wuce ciki wurin Innarki tukuna. Ki fara biyowa ta rumfa. Na wasa wuƙar.

Ki gaishe da Muhsin. Ki gaishe mini da Babanki na Lolo. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Ni ne mahaifinki,
Na'Allah Kafinta, Bagudo.